Ɗan Audugar da Ya Fi Wayata Sani

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai warkarwa. Ni ne Dogara, manomi daga wajen Bagwai. Na yi laifi, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. Saura kaɗan matata Laraba ta rasa hannunta saboda ni.

Ni mutum ne mai son sani. Firamare kawai na yi, amma da na sayi babbar waya sai na ji kamar an buɗe mini duniya. Akwai wani suri a bayan gonata inda sabis yake kamawa. Nan nake hawa in yi ta tambaya. Me ke kawo shaƙuwa? Me ya sa sauro yake son wani fiye da wani? Har mutanen ƙauye suka sa mini suna Likitan Suri, ni kuwa ina jin daɗi.

Da damina wani tabo ya fito wa Laraba kusa da gwiwar hannu, ya fi sauran fatarta haske. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo.

Malama Ladi, wadda ke aiki a ƙaramin asibitinmu, ta ga tabon bayan sujada. Ta ce, "Baban Istifanus, ka kawo mini ita in duba."

Na yi dariya a gaban mutane. Na ce, "Malama, abin da kuka karanta shekaru uku, ni a aljihu nake yawo da shi."

Na hau suri na rubuta: farin tabo a fata. Hotuna suka zubo, yawanci na fatar Turawa, ko ɗaya bai yi kama da hannun matata ba. Amma na ga sunan ƙyasbi, na ce shi ke nan.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A ƙasan wannan shafin akwai wata kalma: kuturta. Na gan ta da idona. Na sa yatsa na ture ta sama. Ba gaskiya nake nema ba, amsar da za ta kwantar mini da hankali nake nema.

Na sayo man ƙyasbi. Ta shafa har aka yi girbi. In ta ce, "Maigida, ƙaramin yatsan nan kamar ba nawa ba," sai in ce sanyi ne, waya ta faɗa.

Wata safiya tana tuƙa tuwo, na ga yatsanta a jingine da bakin tukunya. Fatar tana ƙuna, ita kuwa tana ta ba ni labarin akuyar maƙwabta. Ba ta ji komai ba!

Wayyo, 'yan'uwa! Na fita da gudu zuwa gona. Na nufi surin kamar kullum, amma ƙafata ta ƙi hawa. A gindinsa na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, na ga gaskiya na kau da kai. Kada ka bar Laraba ta biya girman kaina. Ka cire mini kunyar komawa wurin wadda na raina."

Ran nan na ɗora Laraba a babur, sai asibitinmu.

Malama Ladi ba ta yi mini gori ba. Ta tsinko ɗan auduga, ta ce, "Yaya Laraba, rufe idonki. Inda kika ji taɓi, ki nuna." Ta taɓa kafaɗa, Laraba ta nuna. Ta taɓa tabon sau uku. Laraba tana zaune, tana jira a fara.

Na ce, "Shi ke nan gwajin?"

Ta ce, "Farkonsa ke nan. Likitan Suri, wayarka tana taɓa mutum?"

Auduga! Ni da nake noma ta, buhunta na ɗakina.

Ta tura mu babban asibiti, aka tabbatar. Na yi ta tambaya har likitan ya yi murmushi. A nan na ji cewa cutar tana warkewa, maganin kyauta ne, kuma wanda ya fara sha ba ya sa wa kowa. Duk wannan yana cikin wayata, a ƙarƙashin kalmar da na ture.

Laraba ta shanye maganinta, ta warke. Halleluya! Godiya ta tabbata ga Ubangiji. Ku dogara gare shi, ku yi bincikenku, amma ku karanta har inda ba kwa so, sannan ku kai jikin wurin mai hannu.

Yatsan dai bai dawo ba. Na ba Malama Ladi haƙuri tun a asibiti. Ta gida ce ta yi mini nauyi, sai makon jiya na iya. Na tarar da Laraba tana tsince wake, na zauna a ƙasa, na riƙe yatsan nan da ba ya jin riƙona.

Na ce, "Maman Istifanus, tun damina na ga sunan cutar, na ɓoye miki don tsoro. Yatsan nan ni na ci miki shi. Ki yafe mini."