Moɗar da Aka Janye wa Yahuza Kamera

A cikin motar haya nake, tsakanin Cadawa da Gazawa, da kwanon tuwon dawa a cinyata zan kai wa Yaya, sai na ji tarinsa. Tarin Yaya ba ya ɓace mini, sau biyu yake yi sannan ya ja numfashi ta hanci. Na waiga ina neman sa a motar, alhali na san yana gida. Ashe daga salular matar da ke kusa da ni yake fitowa. Ta ga ina leƙe, ta matso mini da ita, ta ce, "Baiwar Allah, dubi yadda duniya ta yi da Yahuza Kamera. Ko riga ba ya da ita."

Na duba. Ga yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, zaune a kan tsohuwar tabarma da tsakar rana, haƙarƙarinsa a waje, yana lalube a ƙasa yana neman moɗar ruwa. Ya lalubi dama, ya lalubi hagu, ƙuda na bin idanunsa. An ɗora wa abin busar sarewa mai sa kuka. Na ce ta maimaita mini. A na biyun ne na lura da ƙasa. Matarsa Shatu, tun da ya makance, a jikin gwiwarsa ta dama take ajiye masa moɗa, kullum, don kada ya nema. A hoton nan moɗar tana can nesa da hannunsa, kuma ga jiƙaƙƙen sawu a rairayi daga gwiwarsa har inda take. Janye ta aka yi.

Matar ta ce, "In tura maki?" Na ce a'a, na gode.

Ku gafarce ni, na fara da wannan ban gaishe ku ba. Assalamu alaikum. Mai girma farfe, shugaban gundumarmu, wakilin mai martaba sarki, magajin gari, liman da sauran malamanmu, shugaban ƙungiyar masu shirya fim, da baƙin da suka taso daga Maraɗi da Yamai da Kano, barkanku da zuwa, Allah ya ba da ladan zumunci. Yaya Shatu, sannu da fita takaba. Hamdiya da Faruku, 'ya'yan Yaya kuma 'ya'yana, sannunku. Danginmu na Gidan Rumji, sannunku da hanya.

Sunana Asma'u Dikko, ƙanwar marigayi. A aji huɗu na bar lakol, makarantar boko, ban iya jawabi ba. An ce in yi magana da sunan iyali don ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Shugaban ƙungiya ya ce in taƙaita, kuma in faɗi alheri. Alherin zan faɗa, yana da yawa. Taƙaitawar ce ban yi alkawari ba.

Ya kasance yaro mai kallo. Babanmu dillalin hatsi ne a Gidan Rumji, ya so Yahuza ya gaji tiya da buhu. Shi kuwa in an aike shi kasuwa sai ya maƙale wurin mai hoton nan da ke rataya labule mai zanen jirgin sama. Ya sha duka a kan haka har baba ya gaji ya ƙyale shi. Daga nan ya sami keke da ƙaramar kamera yana bin kasuwanni, daga nan ta kaset, yana bin biki da suna. Da wuya a sami gida a garuruwan nan da babu aikin hannunsa a ƙasan akwati. Iyayenmu da yawa da suka rasu, in muna son ganin yadda suke dariya, wurinsa muke komawa. Sannan masu fim suka gano shi, suka ja shi Maraɗi, suka ja shi Kano da Yamai. Kun tuna fim ɗin masu haƙar rijiya, wanda ya sa aka zura shi da igiya har ƙasa, kamera a ƙirji, ya ɗauko sama kamar faifai da kawunan mata a bakin rijiya. Shi ya jawo masa lambar yabo daga ƙasar waje. Mu a gida abin da ya jawo mana shi ne murar da ya yi wata guda yana fama da ita.

Ya kasance mai durƙuso. Wannan duk wanda ya yi aiki da shi ya sani. Ba ya ɗaukar wanda ke zaune shi yana tsaye. Ko tsohuwa ce a kan tabarma, ko yaro, ko gurgu a bakin tasha, sai ya sa gwiwa a ƙasa har idon kamera ya daidaita da idon mutum. Yaya Shatu ta gaji da yi wa wandunansa faci. Abokan aikinsa su ce, "Yahuza, aiki ka zo ko gaisuwar surukai?" Shi kuma ya ce, "Kamera in ta dubi mutum daga sama ta raina shi, mai kallo ma shi raina shi bai san dalili ba." Ba ya ɗaukar fuska da tsakar rana, ya ce ranar tsaka tana mai da ido rami. Sai ya zauna gindin bishiya yana cin gyaɗa har la'asar, darakta na zage-zage, shi ko a jikinsa. In haske bai isa ba ya ari farantin tuwo a maƙwabta ya ba wani ya riƙe, ya juyo da rana a hankali kan kumatun mutum. Ya ce baƙar fata lallashi take so.

Ya kasance mai tambaya kafin ya ɗauka. A shekarar yunwa, dubu biyu da biyar, wasu turawan telebijin suka ɗauke shi aiki. Suka shiga wata ruga bayan Gidan Rumji, suka tarar da wata Bafillatana da ɗanta a cinya, yaron ya rame, ita ma zanenta ya zame. Baturen ya ce ɗauka, ɗauka yanzu. Yaya ya rufe bakin kamera, ya gaishe ta, ya tambaye ta ko ta yarda. Ta ce ta yarda, amma a jira ta ɗaura zane ta wanke wa yaron fuska. Tafinta ya ce masa, "Kai, in ta yi kwalliya wa zai ji tausayinta?" Yaya ya ce, "To ka kawo uwarka mu fara da ita." A nan suka karɓe kamerarsu suka bar shi a daji. A kan amalanken shanu ya dawo, yana ta ba mai shanun labari yana dariya.

Ya kasance mai koyarwa, ba ya ɓoye sana'a. Cikin waɗanda ya koya wa akwai Muzammil, ɗan Cadawa, ga shi nan a sahun gaba cikin farar shadda. A tukunyarmu ya ci ya girma. Yaya Shatu ta wanke masa kaya. Ranar aurensa Yaya ne ya karɓar masa mata. Yau darakta ne, sunansa ya kai inda ƙafarmu ba ta kai ba, kuma mun yi murna da haka.

Sai ciwon suga ya cinye idanun Yaya. Ya dawo Gazawa ya zauna. Ba mu da dukiya, amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidan ba, kuma rigunansa suna nan a goge, Hamdiya ce ke goge su. Kullum da safe sai ya sa riga da hula, a kai shi zaure, yara su zo ya taɓa salularsu ya ce musu ku sunkuya, ku juya wa rana baya.

Muzammil ya zo wata Laraba da mutum biyu. Ya ce murya kawai za su ɗauka don rediyo, Baba ya ba da tarihinsa. Yaya ya yi murna har ya sa aka yanka zakara. Suka ce wa Yaya Shatu ƙarar turmi da tukunya na shiga na'ura, ta taimaka ta yi girkin a maƙwabta. Ta tafi. Suka ce zaure na amsa kuwwa, a koma tsakar gida, can jikin katangar da ruwa ya zubar. Suka ce, "Baba, zafi ya yi yawa, cire rigar ka sha iska, mu ne kawai." Ya cire. Wanda ya riƙa kamar ɗansa ne ya ce ya cire. Suka bar shi yana magana cikin rana har maƙogwaro ya bushe, sannan wani ya sa ƙafa ya janye moɗa. Duk tarihin da ya bayar, ko kalma ɗaya ba ta fito a hoton ba. Tari kawai aka bari, da lalube.

Mun so mu ɓoye masa, bai yiwu ba. Mutanen da bai sani ba suka fara zuwa suna ajiye masa sadaka a hannu, wani ya kawo tsohuwar riga. A masallaci wani ya gaya masa. Ya sa aka kira ni.

Ya ce, "Asma'u, kin gani?"

Na ce, "Na gani, Yaya."

"Tsaye yake ko durƙushe?"

"Tsaye."

"Rana fa?"

"Tsaka."

Sannan ya ce, "Ni na nuna mashi inda ake tsayawa in ana son mutum shi ƙanƙance. Na nuna mashi ne don shi kiyaye."

Daga ranar bai sake fita zaure ba. Ko zafi ya kai yaya, da riga biyu yake kwana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. Mai ciwon suga ƙishirwa ke damun sa, amma ba ya miƙa hannu ga moɗa sai ya tambaya, "Wa ke nan?" A ce mu ne. Ya ce, "Wa ke riƙe da salula?" Sai Yaya Shatu ta rantse masa da Allah sannan ya sha. Wani lokaci ko ta rantse ba ya sha. Haka muka yi har Allah ya karɓi abinsa. Ban ce hoton ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma na ga mutumin da ya shiga rijiya yana dariya ya koma tsoron moɗar ɗakinsa.

Na kira Muzammil tun Yaya na da rai. Ya ce, "Inna, don a taimake shi na yi. Duniya ba ta tausayin mai riga." Na ce ka taɓa jin wannan maganar a bakin wani tafinta, ka kuma san amsar da aka ba shi. Ya ce layi ba ya da kyau. Bai zo ba har Yaya ya rasu. Ranar jana'izar ya zo, da kamera.

Kada mu bar masa shi kaɗai, jama'a. Shi ya ɗauka, mu muka raba. Daga Gazawa ya tafi Cadawa, ya tafi Gidan Rumji, ya ƙetare iyaka ya dawo. Muka rubuta Allah sarki a ƙasa muka tura wa na gaba. Waɗanda ya ɗauki aurensu sun tura. Waɗanda ya sa fuskarsu ta yi kyau har suka zama taurari sun tura, wasu har da hotonsu suna share hawaye. Daga tashar Gazawa zuwa ƙofar gidansa ko kabu-kabu ba a bukata, amma ba wanda ya taka ya tambayi Yaya Shatu ko gaskiya ne ba ya da riga.

Yanzu ku dubi bayana. Ga farin ƙyalle an ɗaure, ga inji a kan tebur. Shugaba ya gaya mini bayan magariba za a haska dogon fim ɗin, wanda aka yanko wancan guntun daga cikinsa, don girmama marigayi. Ya ce shi kaɗai ne hoton Yaya mai motsi da ake da shi, tunda duk rayuwarsa a bayan kamera ya yi ta. Ya ce har an gayyaci fim ɗin ƙasar waje. Na ce iyali ba su yarda ba. Ya ce za a duba. Na faɗa masa a buro, ofishinsa, na faɗa masa a ƙofar gidan nan, yanzu ina faɗa a gaban farfe da liman: ba mu yarda ba. Ba a tambaye shi ba yana da rai, mu kuma an tambaye mu mun ce a'a. In babu wani hotonsa, a bar ƙyallen fari, ko a haska masu haƙar rijiya, a can za ku ga yadda idonsa yake.

Muzammil, ɗana, ban ce ka tashi tsaye a gan ka ba, ba a koya mana haka a gidanmu ba. Hanyar gidan ka san ta. Matar da ta wanke maka kaya ga ta nan zaune.

Yaya Shatu, ki ɗaga kanki. Ba ki bar shi da ƙishirwa ba ko sau ɗaya, mu shaida ne. Hamdiya, rigunan da kika goge Allah ya gani. Faruku, na ji abin da ka rantse za ka yi wa Muzammil, ban yarda ba. Ubanka da baki ya rama, bai taɓa ɗaga hannu ba. Kamerarsa tana hannunka, in za ka riƙe ta ka san yadda ake riƙe ta.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Mun gode wa maƙwabtan Gazawa da suka tsaya mana a jinya, da likitan da bai gaji da mu ba, da matan da suka yi girkin yau. Allah ya jiƙan Yahuza ɗan Dikko, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi daga tafkin Manzonsa, ya suturta shi kamar yadda ya suturta bayinsa. Mu kuma Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa mu cika da imani. Amin.

Har yanzu ba wanda ya ce mini an fasa haskawar, kuma hoton yana cikin salularku, ba a goge shi ba.