Fasfon Mai Farar Bas

A rumfar mai faci, bakin tasha, direban wata farar bas na jiran tayarsa, sai ga baƙo ya sauko daga doguwar mota, gilashinta cike da tambarin ƙasashe. Direban ya bi su da ido, ransa ya sosu.

"Sannu, maigida. Daga nesa?" ya tambaya.

"Kwana goma sha tara a hanya. Iyaka biyar na tsallaka. Shekaranjiya a teku na wanke ƙafa."

"Teku! Ruwa ne fa, mu ma muna da shi a randa. Ka yi ta yi wa masu kaki fadanci, kana cin abin da ba ka san sunansa ba. Wallahi ko kyauta ba ni zuwa."

Baƙon ya kaɗe ƙurar rigarsa.

"To, ka hutar da ni. Abokin tuƙina ne ba lafiya, nake neman direba na biyu. Shugaban tasha ya ce in nemi mai farar bas, wai shekara goma yana sabunta fasfo, ko hatimi ɗaya babu. Taka ce waccan, ko?"

"Ai hira ce muke yi, maigida."

"A'a, ka rantse, kar in ja maka kaffara. Bari in tambayi na bayanka."

Direban ya dafa aljihun gabansa, inda fasfon yake.

"Tayarka ta yi, Malam," in ji mai faci. "Fasinjan kasuwa na jira."