Lambobin da Aka Wanke

Mai girma shugaban taro, shugaban kwalejinmu ta tauhidi, iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, 'yan'uwana malamai, 'ya'yana ɗalibai na jiya da na yau, da dukan waɗanda suka baro ayyukansu don sallamar tsoho, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Na gode da waƙoƙi, na gode da agogon bango, na gode kuma da yabon da aka yi ta zubawa, wanda a rabinsa ban gane mutumin da ake nufi ba. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da tarihin zamanin Nassi a nan, kuma na san sunan da kuke kirana da shi a bayan idona: Baba Tsingaro. Ban taɓa jin haushi ba, sunan ya dace da mai shi.

Magana uku gare ni, ta ukun ce mai nauyi.

Ta farko domin baƙi ce. A ƙarshen baranda, bayan ɗakin karatu, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. A cikinsa akwai kabad mai aljihu goma sha biyu, cike da tsingaro, wato gutsattsarin tukwanen ƙasa, ɗari huɗu da 'yan kai. Ina saurayi na yi shekara shida ina aikin tonon kufai a ƙasashen da Nassi ya ambata, kuma da izinin masu aikin na zo da su don koyarwa. Kowane guntu an rubuta masa lamba da tawada, 'yar ƙarama kamar tururuwa. Lambar ce ke faɗin daga wane rami ya fito, a wane zurfi, a ƙarƙashin wane daɓe. Da lambar, guntun zai gaya maka abin da mutanen zamanin annabawa suka dafa, da irin talaucinsu, da lokacin da wuta ta cinye gidansu. Babu lambar, fasasshiyar tukunya ce kawai, irin wadda ake sharewa a zubar.

Ta biyu. Duk cocin da aka gayyace ni, tambayar ɗaya ce: "Malam, ka ga takobin nan da aka nuna a fim? Ka ga akwatin zinariyar?" In na ce murhu na gani da bakin tulu, sai a yi mini murmushin ladabi, a juya wajen wani. Ban ga laifin kowa ba, fim ya fi ni iya ba da labari. Amma bangaskiyarmu ba ta zauna jiran a tono mata shaida ba. Abin da tono ke yi shi ne ya tuna mana cewa mutanen Nassi mutane ne, masu jin yunwa, masu wanke-wanke, masu fasa tulu a hanyar rijiya, kuma a cikin irinsu Almasihu ya zauna ya ci abinci.

Mutum biyu ne suka taɓa sauraron wannan magana har ƙarshenta: abokina da muka yi tono tare, da mai ɗakina. Ita takan ce, "Malam, tukunyar gidanka tana yoyo, kai kana jinyar ta matattu." Tana faɗa kuma tana jan kujera ta zauna. Cikin shekara biyu Ubangiji ya kira su duka. Tun daga nan, kowace Laraba nakan buɗe ɗakin daga ƙarfe huɗu zuwa shida, kamar yadda aka rubuta a ƙofa. Mai shara kaɗai ke leƙowa, shi ma don ya ji ko zai iya kulle baranda. Kaɗaici ne, ba zan sa masa wani suna ba.

Ta uku. Bara, ina kwance a asibiti, ƙungiyar ɗalibai ta karɓi mabuɗi don ta ɗauki bidiyo. Suka juye aljihunan nan goma sha biyu a kan tebur guda. Suka ga tawadar tana ɓata hoto, suka sa burushi suka goge ta. Bidiyon ya yi kyau, an ce dubban mutane sun kalla a waya, an sa masa suna wai an gano hujja. Da na dawo, shugabar ƙungiyar ta tarye ni da murna, ta ce, "Baba, mun wanke maka su tas, har wannan baƙin rubutun mun cire." Na ce, "Sannunku da aiki, 'yata." Na shiga na rufe ƙofa, na daɗe ban fito ba.

'Yata, in kina nan, kada ki sunkuyar da kai. Laifina ne. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, ban sa ɗalibi ko ɗaya ya san amfanin lambar ba.

Ba a yi asarar komai da komai ba tukuna. Littattafan da na yi rubutu a bakin rami suna nan, da zanen kowane guntu da lambarsa, kuma yatsuna sun san su ɗaya bayan ɗaya. Na mayar wa sittin da uku lambobinsu, sai na tsaya. Shugaban kwaleji ya yi mini alheri, ya bar mini mabuɗi zuwa ƙarshen shekara. Bayan nan, abin da ba shi da lamba bola za a kai shi, kuma ba zan ce an yi kuskure ba.

Ga dalilin da ya sa na tsaya a sittin da uku. Takardar nan da ke hannuna, don kunya na riƙe ta. Ba na ganin abin da ke cikinta. Likita ya ce idon ba zai dawo ba.

Don haka ba kyauta nake roƙo ba, ba kuma a sa wa ɗaki sunana ba. Mutum ɗaya nake roƙo. Ba sai masani ba, ba sai fasto ba. Wanda ya iya karatu, ya kuma iya zama awa biyu. Ya karanta mini littattafan nan, ni in laluba in ce ga guntun, shi ya rubuta lambar.

Ubangiji ya albarkaci wannan kwaleji, ya ƙara wa malamanta haƙuri, ɗalibanta basira. Ya kai kowa gida lafiya, ya kuma ba kowannenku wanda zai saurare shi a ranar tsufa. Amin.

In akwai mai niyya, kada ya ɗaga hannu, ba zan gani ba. Zan zauna a kujerar nan har zauren ya watse. Ya zo ya taɓa kafaɗata.

Na gode.