Kwanon Silba a Injin Ɗumama Abinci

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Hadiza ce daga Illela. Ban yi boko ba, ina faɗi maƙwabciyata Yaya Asabe tana rubuta mani.

Maigidana ya sayo mani injin ɗumama abinci a Ƙonni, rubutun jikinshi duk Faransanci. Shekaranjiya da safe aka kawo wuta, na zuba kunun ɗiyata cikin kwanon silba, na rufe da murfinshi, don mu ba mu barin abincin yaro buɗe. Ina kunnawa sai walƙiya cikin injin, tas-tas-tas, ga ƙauri, ga ɗiyata goye a bayana! Ina salati na ɗebo ruwa zan watsa. Yaya Asabe ta shigo da gudu ta riƙe mani hannu.

"Ke, mi za ki yi? Ruwa kan lantarki, da goyo?"

Ta zare wayar daga soket.

Alhamdu lillahi Malam, ko ƙwarzane ba mu samu ba. 'Yan'uwana mata, kada ku sa ƙarfe ciki, ko cokali ne. Don Allah a tambayo mani masana, injin zai sake amfani?

Yaya Asabe, Allah shi saka maki. Rubuta wannan ma, kada ki tsallake.