Ku Buɗe Mana Turbar Bakin Ruwa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Ladidi ce daga ƙasar Bagwai.

Ina cikin daka maƙwabciyata ta shigo, ta karɓe taɓaryar daga hannuna, ta ce, "Ladidi, zauna tukuna." Da na ji ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na san maigidana ba zai dawo ba.

Lambunsa yana bakin dam, kuma da can akwai turbar da muke bi ta cikin gonaki. Bara aka yanka wurin fuloti za a yi sabuwar unguwa, aka toshe turbar, aka fitar da ƙaton titi. Maigidana ya sami mai awon fulotin ya ce, "Yallaɓai, mu ta ina za mu bi?" Shi kuwa ya ce, "Baba, ga titi irin na birni!" Maigidana ya ce, "Duk garin nan wa ka gani da mota?" Aka yi ta dariya.

A titin nan tifa ta buge shi, yana turo kekensa da kwandon tumatir. Allah ya jiƙansa.

Na ji a shirinku cewa a wasu garuruwa, in za a yi unguwa a bakin ruwa, mai tafiya a ƙafa ake fara yi wa hanya. Don Allah ku ba ni shawara, wa zan kai wa kukana? Yanzu 'ya'yana ne ke ban ruwa a lambun, titin nan suke bi safe da yamma, kuma har yau ba a buɗe turbar ba.