Inji Sha Bakwai, Biyu Ke Cire Tsakuwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Mai girma shugaban wannan zama, 'yan kwamitin da anka turo su saurari jama'a, iyayenmu hakimai da malamai, Alhaji Bilyaminu da Alhaji Na'iya masu neman haɗe kamfanoninsu, manoma, da 'yan'uwana mata masu turara shinkafa na Tambuwal da Kebbe, assalamu alaikum.

Sunana Mu'minatu, ni matan nan sunka tura gaba saboda sun san bakina ba ya rawa. Mun gode da anka neme mu tun ba a sa hannu ba.

Magana ta farko. Takardar da anka karanta muna ta ce injin casar shinkafa goma sha bakwai ne a yankin nan, don haka in biyu sun zama ɗaya, ba wanda zai cutu. Ƙidayar daidai take, sai dai mai ƙidayar bai taɓa tauna tsakuwa ba. Kama da wane ba ta wane. Sha biyar casa kawai suke yi, su miƙo maki shinkafarki da duwatsunta. Biyu ne kacal ke da na'urar cire tsakuwa: na Alhaji Bilyaminu a nan Tambuwal, da na Alhaji Na'iya a Dogon Daji. Masu gidajen abinci na Sakkwato kuwa ba su karɓar buhu sai sun tona shi da hannu. A wurinmu, inji biyu ne a ƙasar nan.

Ta biyu. Alhazan sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, man inji ya yi tsada. Gaskiya ne, kuma ba ma ƙyashinsu. Ga inji sha biyar nan. Kowane Alhaji ya jawo wanda ya ga dama a cikinsu, ya sa masa na'ura, wallahi mu za mu yi guɗa ran buɗewa. Amma a rasa wanda za a haɗe da shi sai mutum ɗayan da ake tsoron ya ƙwace ciniki?

Ta uku, labarin Yelwa ta Fakku, ga ta can zaune. Da buhunan da take kaiwa Sakkwato duk mako take riƙe da gidanta, kuma in ta saɓa rana, mai sayenta ya koma ga wata. Bara ta kwana biyu a layin injin Tambuwal, manya na zuwa ana shigar da nasu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga murya kawai ta ce, "A kira min mai mota, Dogon Daji za ni." Kafin azahar an cashe mata nan Tambuwal, har da ban haƙuri. Na ji daɗin ranar nan ƙwarai.

Ranku ya daɗe, wannan kalmar ita ce duk ƙarfin da muke da shi. Ba mu da lauya, ba mu da kujera. Ranar da anka haɗe su, in Yelwa ta je Dogon Daji, mai injin da ta baro shi za ta tarar. Don haka muke roƙon kwamiti, kuma mun tabbata zai ji: kada a ƙidaya injuna, a tambayi inda mai kaya za ta nufa in an wulaƙanta ta.

Allah ya ba kwamiti basira, ya ƙara wa Alhazai arziki kowa a ƙofarsa, ya albarkaci fadamunmu, ya mai da kowa gida lafiya. Allah kada ya nuna muna ranar da mace za ta rasa inda za ta ce za ta.

Na gode.