Ƙaramin Yatsan Halimatou

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Abdoulkarim. Iyayenmu a sana'a, waɗanda suka fara da keken rubutu mai ƙararrawa tun ordinatar, wato kwamfuta, ba ta shigo Yamai ba. Masu shagunan buga takardu na Harobanda da na Katako, da na nan unguwar Dar es Salam da suka ba mu masauki. Ɗalibanmu da ke can baya suna latsa waya suna zaton ba mu ganin su. Maza da mata, assalamu alaikum. Ƴan uwa Zabarmawa kuma, fofo.

Sunana Safiatou, shagona yana Harobanda, kuma a kan klaviye, wato faifan maɓallan rubutu, na tsufa. Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu, ina godiya gare ku da kuka rufe shagunanku a lokacin da ɗaliban iniversite ke layi da memuwar ɗinsu, kundin kammala karatu.

Abin da ya tara mu sananne ne. Ƙungiyarmu za ta buɗe ajin koyar da buga takardu, kuma yau za mu tsayar da tsarin rakursi guda ɗaya, wanda za a koyar a ajin, a kuma saka a kowane shago namu. Rakursi dai shi ne danna maɓalli biyu tare, maimakon a saki klaviye a kama suri, ɗan ɓeran nan na ordinatar, ana yawo da kibiya a kan allo. Ra'ayi ya rabu biyu: masu son abin da ya fi sauƙin tunawa, da masu son abin da ya fi sauƙi ga hannu.

Na farko, zan ba Malam Ousmane, na ɓangaren sauƙin tunawa, haƙƙinsa. Ya ce a bar komai yadda ya zo, domin harafi yana tuna wa mutum aikinsa: G na gras, wato rubutu mai kauri, I na italik, S na ajiye aiki. Gaskiya ya faɗa. Ɗalibin da ya zo jiya zai riƙe wannan kafin la'asar. Sai dai Malam Ousmane malami ne, yana ganin ɗalibi a watansa na farko, mu kuwa muna ganin sa bayan ya yi furfura. Ina tambayar ku, wa a cikinku yake tunanin harafi idan aiki ya yi zafi? Kai ne yake koyo, amma hannu ne yake riƙewa, kuma hannu bai san harafi ba, wuri ya sani.

Na biyu, ga shaida, kuma da izinin mai ita zan faɗa. Da yawanku kun san Halimatou, wadda ta yi shekaru tana aiki a shagona. Ta koyi sana'a a kan ordinatar da aka kawo daga Kano, mai klaviyen Ingilishi, inda Z take ƙasa daf da maɓallin Kontrol. Kun san Kontrol da Z su ke maido da kuskure. Da ta zo wurina sai ta tarar da klaviyen Faransanci, inda Z ta hau sama, W ta zauna a gurbinta. Kontrol da W kuwa rufe takarda suke yi. Wata safiya tana buga memuwar wani ɗalibi, ta goge sakin layi bisa kuskure, hannunta ya tafi inda ya saba. Allo ya tambaye ta ko za a ajiye canjin da aka yi. Ita kuwa gogewar ce a ranta, ta ce a'a. Aikin safiyar nan duka ya tafi, ɗalibin yana tsaye a kanta. Halimatou ta san harafin sarai, ko a barci aka tashe ta za ta faɗe shi. Ta dube ni ta ce, “Yaya, ban ce wa hannun nan ya je can ba, shi ya tafi.”

Daga ranar ta tilasta wa hannunta bin harafi. Ƙaramin yatsan hagu ya lanƙwashe a kusurwar ƙasa kan Kontrol, wani yatsan ya miƙe zuwa layin sama, wuyan hannu ya murɗe, haka safe, haka yamma, haka shekara da shekaru. Da farko zogi ne, tana shafa man zafi tana dariya. Daga baya kofin shayi ya fara suɓuce mata. Bara likita ya ce mata ko ta canza yadda take bugawa, ko ta bar aikin. Ita ke riƙe da gidansu.

Mun canza mata ordinatar ɗinta: muka musanya Kontrol da maɓallin manyan baƙaƙe, ya dawo layin tsakiya inda yatsa ke hutawa, muka maido da gyaran kuskure ƙasa, muka kai rufe takarda can nesa, inda hannu ba ya zuwa sai da niyya. Zogin ya lafa, ko da yake ƙaramin yatsan ya riga ya ƙage. Amma aikin shagona kaɗai ba ya isar ta, kuma kun san al'adarmu: lokacin memuwar, mai bugawa yana zagaya shaguna, yau Harobanda, gobe ya ƙetare gada zuwa Katako. Duk inda ta je ta roƙi a bar ta ta canza maɓallin nan, sai a ce, “Madam, kada ki ɓata mana na'ura.” Sai ta yi godiya ta hau motar faba-faba ta koma gida.

Ban ga laifinsu ba, kuma wannan ne na uku. Dukkanmu mun san ordinatar ɗin Isaka. Isaka ya gyara tasa daidai hannunsa, har babu maɓallin da ke yin abin da aka rubuta a kansa. Da ya tafi Maraɗi biki, mutum ya zauna zai ajiye takarda sai firinta ta kama aiki. Isaka, kada ka ɓoye fuska, muna ƙaunarka, amma ba za mu bi ka ba. Idan kowa ya yi nasa tsari, babu mai iya zama a kujerar ɗan uwansa, kuma sana'ar da ba a iya karɓar juna a cikinta ta mutu.

Don haka ga roƙona. Abin da ake dannawa jefi-jefi, a bar shi da harafinsa, Malam Ousmane ya koyar da shi yadda ya iya. Abin da ake dannawa dare da rana kuwa, a ba hannu haƙƙinsa: canje-canjen nan da muka yi wa Halimatou, su kaɗai, iri ɗaya, a kowane shago da kuma a ajinmu. Za ku yi tuntuɓe na ɗan lokaci, ba zan ɓoye muku ba, har za ku zage ni a zuci. Na yarda. Tuntuɓen yana wucewa, yatsan da ya ƙage kuwa likita bai yi mana alkawarin zai miƙe ba.

Ya shugaba, ya jama'a, Halimatou tana cikin zauren nan, kusa da ƙofa, ta ce kada in sa ta tashi, kuma ba zan sa ta ba. Abin da kuka yanke yau shi zai nuna ko gobe za ta ƙetare gada da aiki a gabanta. Alfarma ɗaya nake nema: idan aka zo ƙuri'a, ko kun yarda da ni ko ba ku yarda ba, ku ɗaga hannun hagu, ku buɗe yatsunku, ku dube su. Ita ma za ta ɗaga nata, huɗu ne za su miƙe.

Allah ya yi wa wannan taro albarka, ya haɗa kanmu a kan abin da ya fi alheri. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya ɗalibanmu, ya mai da kowa shagonsa lafiya, ya bar mu da hannuwan da muke ci da su.

Na gode.